Inci huɗu tsakanina da ƙasa

Ranar da na faɗi, mutanen da ke zauren sun haura 300. Dinar bikin ƙanwar mijina ake yi a wani ɗakin taro da ke Barnawa, ni kuwa watana 5 kacal da tarewa, lokacin da dangin miji ba su gama auna mace ba. Mai gabatarwa ya kira matan yayyen amarya su fito liƙi. Na miƙe cikin anko da gwaggwaro, ƙafata sanye da takalmi mai tsini inci 4 wanda na saya kwana biyu kafin bikin, ban taɓa taka shi ba sai a gaban madubin mai shago. Ban yi taku goma ba tsinin hagu ya zame a kan tayil, idon sawuna ya lanƙwashe, na zube. Kuɗin liƙin suka watse, gwaggwaron ya yi nasa wuri, kiɗa kuwa bai tsaya ba. Da aka kama ni aka zaunar, surukata ta matso, ta dafa kafaɗata, ta ce a hankali, "Sannu 'yata. Ai da kin tsaya yadda Allah Ya yi ki."

Targaɗen ya warke cikin mako uku. Maganar ce ta daɗe ba ta warke ba, domin ta taɓa inda yake mini ciwo tun ina ƙarama. Tsayina ƙafa 4 da inci 11. Malamar sakandare ce ni, kuma a ajin ƙarshe da wuya a sami ɗalibi biyar da ba su kere ni ba. Na san sunan da suke kirana da shi a bayan idona. Na san yadda baƙo ke shigowa ofishin malamai ya dube ni ya ce, "Yarinya, ina malamarku?" Wanda Allah Ya ba tsayi zai ga wannan abin dariya ne, to amma gajere ya san cewa kafin a saurare shi sai an fara ganinsa tukuna. Abin da na je nema ke nan a shagon takalmi, na dawo da abin kunya.

Wadda ta fitar da ni daga wannan hali maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwa 'yar asalin Zonkwa da duk layin ke kira Mama Sakatariya. Masu karatu da ba su san Kaduna ba, ya kamata su san cewa tun bayan rikicin Fabrairun 2000 kogin ya zama tamkar iyaka, jama'a suka yi ta ƙaura, kowa yana neman ɓangaren da nasa suka fi yawa. Barnawa na cikin 'yan unguwannin kudancin kogin da suka ci gaba da zama a cakuɗe, kuma a nan ne katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Ta shigo duba ni da ƙafata a kumbure, ta ce in kawo mata takalmin. Ta juya shi, ta murza tsinin, ta shafa ƙasansa, sannan ta yi dariya. "Takalmin ba shi da laifi," in ji ta. "Ke ce kika hau doki ba ki koyi hawa ba."

Ta fi ni sanin abin da take faɗa. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, har yankin ya zama cibiyar saƙa ta Arewa. A ɗaya daga cikin waɗanda suka biyo bayan ne Mama ta yi shekara 24 tana buga tafireta a ofishin manaja. Ta ce a zamaninsu sakatariya ba ta shiga ofis da takalmi shimfiɗaɗɗe. Ba a rubuta dokar a ko'ina ba, amma kowa ya san da ita. Kullum da safe takan sauka daga bas, ta ratsa dubban ma'aikatan da ke shiga aikin safe, ta hau bene, duk a kan tsini, ba ta taɓa faɗuwa ba ko sau ɗaya.

Darasin farko ya ba ni haushi, don ƙwace takalmin ta yi ta kulle a ɗakinta. Ta aike ni Kasuwar Barci, can tsallaken kogi, in nemo na gwanjo mai inci 2 mai faɗin dunduniya, ta kuma ce kada in je sai da yamma, saboda ƙafa na ɗan kumbura in rana ta yi, wanda ya auna da safe zai sayo matsattse. Da na kawo, ta sa mai gyaran takalmi na bakin layi ya kankare ƙasansa ya rage santsi, ya kuma sa sabuwar roba a dunduniyar. Sannan muka fara, kullum bayan la'asar, a barandarta mai tsawon taku 12.

Ashe duk abin da jikina ke so ya yi kuskure ne. Jiki na so ya sunkuya ya kalli ƙasa, Mama ta ce in kalli ƙusar da ke jikin bango. Jiki na so ya lanƙwashe gwiwa kamar mai shirin tsugunno, wanda shi ne ke sa a ga mace tana tafiya kamar kazar da ta taka wuta, ta ce in miƙe gwiwa duk lokacin da nauyi ya sauka a kan ƙafa. Jiki na so ya dire tafin ƙafa gaba ɗaya don tsoro, ta ce dunduniya ce ke fara taɓa ƙasa, yatsu su biyo. Babban abin da ya fi ba ni wuya shi ne rage faɗin taku. Gajeren mutum ya saba da sauri da dogon taku don ya cim ma dogaye, ga shi an ce in yi rabinsa. "Ina za ki?" take cewa. "Wanda ke jiranki zai jira."

Da ta ga kafaɗuna sun ƙi miƙewa, sai ta ɗauko tire ta ɗora mini a ka, da kofin ruwa a kai. Na ce, "Mama, a fim ai littafi suke ɗorawa." Ta ce su ba su da 'yan talla ne. Ta ce in lura da Fulani masu nono da ke wucewa ta layin da ƙwarya uku a ka: kai ba ya motsi, gadon baya a miƙe, ƙugu ne ke yin aikin. Abin da Turawa ke biyan kuɗi su koya, in ji ta, yarinya 'yar shekara 8 na yi a kan gammo. Na fasa mata kofi biyu kafin mu koma na roba.

Wata guda na yi a kan inci 2, wata biyu a kan inci 3. Tsakanin haka akwai motsa jikin da ta ɗora mini: in dafa bango in yi ɗage sau 20 safe da yamma, in tsaya da ƙafa ɗaya ina goge baki, don idon sawu ya yi ƙarfi. Ta koya mini bene: in za a hau, gaban ƙafa kaɗai ake ɗorawa, in za a sauka, a ɗan karkace, a dire takalmin duka, hannu na kan ƙarfe, kuma babu kunya a riƙe ƙarfe. Ta koya mini cewa a kan ciyawa ko yashi ko intalok nauyi yakan koma kan yatsu, in ba haka ba tsinin ya nutse ko ya maƙale. Sai a wata na huɗu ta buɗe ɗakinta ta miƙo mini takalmin da ya kayar da ni.

Maganarta ta hawan doki ta sa na shiga bincike, sai na tarar ta faɗi gaskiya fiye da yadda ta sani. Masana tarihin sutura, irin su Elizabeth Semmelhack ta gidan tarihin takalma na Bata da ke Toronto, sun danganta asalin dunduniya mai tsawo da mahayan dawakin Farisa, maza, waɗanda ke buƙatar abin da zai riƙe ƙafa a cikin likkafa in sun miƙe za su harba kibiya. Bayan da Shah Abbas ya aika jakadu Turai a 1599, manyan Turawa suka ɗauki salon, har Sarki Louis na 14 na Faransa ya shahara da takalma masu jar dunduniya. Daga baya maza suka yar, aka bar wa mata. Siririn tsinin da muka sani yau kuwa sai a shekarun 1950 ya yaɗu, da aka iya sa ƙarfe a cikinsa ya ɗauki nauyin mutum. Wato abin da aka ƙera don wanda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, shi aka ba mu aka ce mu yi tafiya da shi.

Kuma har yau hakan take, in mutum ya duba da kyau. Takalmi mai tsini na mai mota ne, wadda za a sauke a bakin ƙofa ta taka tayil. Duk wadda ta taɓa sauka daga Keke a Sabon Tasha ko Television da damina, ta tsallake kwata, ta ratsa taɓo, ta san cewa ƙwas-ƙwas ɗin da ake ji a ofisoshi da majami'u da wuraren biki ba daga gida ya taho ba. A cikin leda ya zo. Ranar Lahadi da safe nakan ga 'yan mata a Narayi sun ci ado, silifa a ƙafa, leda a hannu, sai an kusa ƙofa a dafa ƙawa a sauya. Mu ma haka muke yi a ƙofar zauren biki. A wannan kam, duka ɓangarorin kogin ɗaya muke.

Bikin da na gwada kaina shi ne na ƙanen mijina, shekara guda bayan faɗuwata. Aka kira mu, na miƙe, na kalli wata fitila da ke can ƙarshen zaure maimakon ƙusar Mama, na taka. Na yi liƙi, na juyo, na zauna. Babu wanda ya ce komai. Na yi tsammanin zan ji daɗi, na kuwa ji, amma da ɗan ɗaci, domin wata huɗu na bororo da ciwon sha-raɓa sun ƙare ne a kan a ce ba a lura da ni ba. Wata daga cikin dangin ma cewa ta yi, "Ke dai kin yi sa'a, tsini na karɓarki." Sa'a! Na lura haka muke yi wa duk macen da ta iya wani abu, ko girki ne ko magana a taro: mu ce baiwa ce, mu shafe wahalar da ta sha a ɓoye. Illar wannan ita ce ƙaramar yarinya ta ɗauka ita ma ranar farko za ta iya, kamar yadda na ɗauka.

Washegari na kai wa Mama labari da guntun kek. Ta yi murna ƙwarai. Sannan ta zare silifa ta ɗora ƙafafunta a kan kujera 'yar tsugunno, ta ce, "To yanzu zo ki ga ɗaya darasin." Ban taɓa kallon ƙafarta da kyau ba sai ranar. Babban yatsa ya karkace ya hau na kusa da shi, ƙashi ya bulluƙo a gefe, kanta ta yi kauri a ƙarƙashin yatsu. Ta ce shekarun farko bayan an rufe masaƙar, in ta taka ƙasa ba takalmi sai ta ji agararta na ja kamar za ta tsinke. Daga baya na ga cewa masu bincike a Manchesta ta Ingila sun auna wannan a 2010: matan da suka daɗe suna sa tsini kullum, zaren naman sha-raɓarsu ya gajarce da kusan kashi 13 cikin 100, agarar kuma ta ƙara kauri da tauri. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Iya tsawon dunduniya, iya nauyin da ke gangarowa kan gaban ƙafa, gwiwa da baya kuma su biya sauran.

Na ce, "Mama, me ya sa ba ki nuna mini tun farko ba?" Ta ce, "Da na nuna miki, da kin fasa don tsoro, har ki mutu kina ganin tsini ya fi ƙarfinki. Yanzu kin iya. In kin sa, ke kika so. In kin cire, ke kika so. Ni ba a tambaye ni ba."

Wannan "ba a tambaye ni ba" shi ne abin da mata a wasu ƙasashe suka fito suna ƙara a kai. A Disambar 2015 an kori wata ma'aikaciyar karɓar baƙi, Nicola Thorp, daga wurin aiki a Landan ba tare da biyanta kuɗin ranar ba, don ta ƙi sa takalmi mai inci 2 zuwa 4. Takardar koken da ta buɗe ta sami sa hannu fiye da 150,000, har majalisar dokokin Birtaniya ta tattauna batun. A 2017 Filifin ta hana kamfanoni tilasta wa mata tsini, a 2019 kuma Yumi Ishikawa ta tayar da irin wannan magana a Japan. A nan gida ban ji ana zancen ba, amma ina so masu bankuna da otal-otal da wuraren taro da ke tsayar da 'yan mata awa takwas a kan tsini su zo su ga ƙafar Mama.

Ni dai ban kai takalmin aji ba. Na gwada mako ɗaya, na ga cewa ɗaliban da ba sa saurarena a ƙafa 4 da inci 11 ba su fara saurarena a ƙafa 5 da inci 3 ba, sai dai sun fi jin zuwana daga nesa su gyara zama. Abin da ya bi ni ajin shi ne tiren: kai a miƙe, ƙaramin taku, rashin gaggawa. Surukata kuwa ba ta sake ta da maganar ba. Sai dai a watan jiya ta turo mini jikarta da za ta yi ƙawar amarya, riƙe da leda, a ciki da takalmi inci 5. Na karɓa na kulle a ɗaki, na ce ta je Kasuwar Barci da yamma, ta dawo mu tsallaka gidan Mama, don barandarta ta fi tamu tsawo.