Harsashin Laka

Mu biyar ne, duk 'yan lungu ɗaya a Ƙofar Ɗan Agundi, masana'antarmu kuwa tana bayan wani kango da ba mai leƙawa sai awaki. Kayan aikinmu duka za su shiga aljihun riga: marfin kwalbar lemo guda ɗaya, tsinken tsintsiya, wani tsohon faranti da gwangwanin madara na ɗebo ruwa. Da su muke ƙera harsashin danƙo. A ƙarshen shekarun 1990 ne, lokacin da babu kalmar da ta fi "harsashi" daɗi a bakinmu.

Shi danƙon kansa ba abin wahala ba ne. A saro gwafa daga reshen gwaiba, a roƙi tsohon tub wajen mai faci a yanka shi siri-siri, a samo 'yar fata daga harshen tsohon takalmi. Kowane yaro a unguwa yana da nasa. Abin da ya bambanta mu da saura shi ne abin da muke ɗurawa a ciki.

Da farko tsakuwa muke tsinta kamar kowa. Ita kuwa tsakuwa kowacce da halinta: wata mai faɗi, wata mai tsini, wata ta fi 'yar'uwarta nauyi. Sai ka auna gwangwani sosai, ka saki, ka ji ta yi fito ta karkace ta nufi katangar mutane. Muka yi ta zargin hannunmu, har ranar da babbanmu, wanda ya girme mu da shekara uku, ya gaji da musunmu ya ce, "Ku ba hannunku ne ba shi da saiti ba. Kullum da sabon dutse kuke harbi, ta ina hannun zai koya?"

Shi ya kawo marfin lemon. Doka ta farko: kowane harsashi cikin marfi ɗaya ne, a shafe bakinsa da tsinke, kada ya yi tozo. Sai a kwarfo lakar a mulmula ta tsakanin tafuka har ta yi sumul. Ba a shanyawa a rana tsaka, domin bayan yakan bushe ya bar cikin da danshi, sai ya tsage. A inuwa ake jerawa kwana biyu, ana juyawa. Daga nan sai jarrabawa: a gangara kowanne a kan farantin nan. Wanda ya tafi sak, a ware shi gefe. Wanda ya yi tangaɗi kamar ɗan maye, sunansa "na ƙadangare". Idan muka mulmula talatin, da ƙyar goma su tsallake.

Amma goman nan! Mukan ɗora gwangwani a kan bulo, mu ƙirga taku ashirin, mu riƙa zana sakamako da gawayi a bango. Cikin mako biyu har ƙaraminmu, wanda a da ko tulu ba ya samu, ya fara jin ƙarar gwangwani. Hannun nan dai nasa ne na jiya. Abin da ke cikin fatar ne ya daina yi masa ƙarya.

Saura maganar ƙasa, wadda ita ce har yau muke sunkuyar da kai idan ta taso. Lakar kududdufi baƙa ce, ga wari, ga saurin tsagewa. Wadda ta fi kowacce ita ce jar ƙasar ganuwa. An riga an kwaɓa ta, an tattake ta, ta kwanta shekaru aru-aru. Da ka jiƙa ta sai ta yi danƙo kamar ƙullun alkama. Don haka muka riƙa zuwa da guntun ƙarfe muna ƙwaƙulo gindinta. Wata rana wani dattijo da ke dawowa daga maƙabarta ya tsaya a kanmu.

"Kai yara, 'ya'yan wane ne ku?"

"Baba, 'yar kaɗan za mu ɗiba."

"Kowa 'yar kaɗan yake ɗiba," in ji shi. Bai dake mu ba, bai ma ƙwace gwangwanin ba, ya wuce yana girgiza kai. Muka jira ya sha kwana muka ci gaba.

Sai da muka girma muka san abin da muke harbawa. Tarihi ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwar Kano, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Ita ce ta tsaya gaban sojojin Turawa a watan Fabrairun 1903. A 2007 aka sa ta cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Mu kuwa muna mulmula ta muna jifan gwangwanin madara. Gaskiya ne masu ɗibar ƙasa da jakuna da masu yanka filaye sun fi mu ɓarna nesa ba kusa ba, amma ramin da muka bari mun san inda yake.

Abin da ya tono duk wannan shi ne wani bidiyo da ɗayanmu ya turo mana kwanakin baya. Wani Ba'amurke ne a garejin gidansa yana haɗa harsasan gasar harbi. Ga injin matsi a jikin tebur, ga ma'aunin tsawo mai lambobi, ga sikelin da ke auna albarushi. Awon da suke amfani da shi, asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir ne, sai an tara 7,000 ake samun laba ɗaya, kuma shi yana rigima ne a kan kashi ɗaya cikin goma na ƙwaya guda. Yana aunawa, yana warewa, yana rubutawa a littafi. Babbanmu, wanda yanzu yake sayar da yadi a Kantin Kwari, ya amsa da layi ɗaya: "Wannan ai marfin lemo ne mai tsada."

Bai yi ƙarya ba. Ko a gasar Olamfik, masu harbi da bindigar iska daga nisan mita 10 suna neman wani ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, kuma sukan gwada harsashi gwangwani-gwangwani kafin su zaɓi wanda ya dace da bindigarsu. Mu biyu daga cikinmu da muka ƙare a rubuta manhajar kwamfuta, kullum da dokar marfin nan muke aiki: in abu ya ƙi, kada ka sauya komai da komai, riƙe sauran yadda suke ka taɓa guda ɗaya. A jami'a an ba abin suna mai nauyi, amma mu a bayan kango muka fara jin sa.

Sai dai dariyar bidiyon ba ta daɗe ba. Abin da yake sha'awa a garejin Amurka, a nan laifi ne: dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera bindiga ko harsashi ba da izini ba, aikin na irin su masana'antar DICON ta Kaduna ne, wadda aka kafa a 1964. Mu ma ba mu ga laifin dokar ba. Muna yara, in aka ce "'yan bindiga", waɗanda ke zuwa ranmu su ne na Sarki, masu bindigar toka da ke cika Ƙofar Kudu da hayaƙi ranar Hawan Daushe, mu toshe kunne muna tsalle. Yau in rediyo ta faɗi kalmar nan, sai kowa ya yi shiru ya ji wane ƙauye ne kuma a Zamfara ko Katsina.

Mu ma masana'antarmu ba lafiya ta rufe ba. Wani cikinmu ya gano cewa in aka binne busasshen harsashi a tokar murhu mai zafi, yakan fito ja, da tauri kamar kasko. Ɗanye in ya daki bulo, wargajewa yake yi ya zama ƙura. Gasasshe kuwa dawowa yake. Ranar da muka fara gwada shi, ya daki gefen bulo ya dawo ya sami ƙanwar ɗayanmu, wadda ke tsaye da tiren gyaɗa tana kallo, a saman gira. Faɗin yatsa ɗaya ne tsakaninsa da idon. An yi mata ɗinki uku, aka yi mana dukan da har yau ba ma jayayya a kansa, kakarta ta tattara danƙunan biyar ta jefa a murhun da muka yi gashin.

Yanzu tana da 'ya'ya huɗu, tabon yana nan. Da Sallar da ta wuce muka je gaishe ta, babban ɗanta ya fito da danƙon roba na kanti yana ƙorafin ba ya samun komai da shi. Aljihunsa cike da tsakuwa. Muka kalli juna, kowa bakinsa na motsi. Ita kuma tana zuba mana zoɓo, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Yaya, wallahi duk wanda ya koya masa, ni da shi ne."