Dokin da ya zo na ɗaya, anka maishe shi na 17

Ƙasar Amurka akwai wani gari ana ce mishi Luwisbil, cikin jihar Kentaki. Kowace shekara, asabar ta farko ga watan Mayu, ana yin babbar sukuwa can. Tun 1875 anka fara ta. Dawaki masu shekara 3 kaɗai ke shiga. Tsawon hilin gudu kilomita 2 ne, cikin minti 2 da ƴan daƙiƙu an gama. Amma sukuwar 2019, har yau masu dawaki ba su gama gardama bisanta ba.

Ranar 4 ga watan Mayu ce. An yi ruwa, hili duk caɓi. Mutane sun hi dubu 150. Dawaki 19 sunka tashi. Kowane doki shina da lamba, ita ce ta hi sauƙin riƙewa bisa ga sunayensu na turanci. Mai lamba 7, Maximum Security, shi ya shiga gaba tun farko, kuma shi ya fara isa, da tazarar da ta kusa tsawon doki 2. Mai lamba 20, Country House, ya zo na biyu. Masu lamba 7 sunka fara murna.

Sai mahaya biyu sunka kai ƙara wurin alƙalan sukuwa: mai hawan lamba 20 da mai hawan lamba 18. Sunka ce ga kwana ta ƙarshe lamba 7 ya bar hanyarshi ya tare ma waɗansu. Alƙalai 3 sunka shiga ɗaki sunka dinga maida hoton sukuwar baya, suna kallo sannu sannu. Minti 22 jama'a na tsaye cikin sanyi suna jira.

Ga abin da hoto ya gwada. Ga kwanar nan lamba 7 ya karkata waje, ya gitta gaban lamba 1, War of Will, wanda ke biye da shi dab da dab. Ƙafahun gaba na lamba 1 sunka shiga tsakanin ƙafahun baya na lamba 7. Mahayin lamba 1 ya ja linzami. Dokin ya matse lamba 18, shi kuma ya matse lamba 21. Duk wanda ya taɓa koro shanu zuwa rijiya ya san abin nan: in na gaba ya gitta, na baya duka sai sun ci karo. To nan kuwa dawaki ne cikin gudun da ya kai kilomita 60 ga awa, bisa ƙasa mai santsi. Da lamba 1 ya faɗi, da waɗanda ke bayanshi sun bi ta kanshi, su da mahayansu. Allah ne ya kiyaye.

Alƙalan ukku bakinsu ɗaya. Sunka maida lamba 7 na 17, bayan lamba 18 da ya ɓata ma gudu. Sunka ba lamba 20 nasara. Ba a taɓa tsige wanda ya ci sukuwar nan ba sabadda laihin da ya yi cikin gudu sai ran nan. Cikin 1968 an tsige wani, amma don maganin da anka gano jikinshi ne.

Kuɗɗin na ɗaya dalar Amurka miliyan 1 da dubu 860 ne. Ba dalar kasuwa ba: ya hi miliyar 1 na sefa.

Mahayin lamba 7, Luwis Sayez, ya ce ihun jama'a ne ya hirgita dokin, kuma nan take ya maido shi hanya. Daga baya lauyanshi ya ce lamba 1 ne ya hau ma dokin diddige, shi ya sa ya goce. An dai hana Sayez hawa kwana 15 na sukuwa. Masu dokin sunka kai ƙara kotu, kotu ta kori ƙarar cikin watan Nuwamba na 2019. Sunka ɗaukaka, cikin 2020 sunka sake faɗuwa.

Inda maganar ke da wuya shi ne nan. Wanda anka cuta shi ne lamba 1, amma mahayinshi bai kai ƙara ba. Wanda ya ci riba shi ne lamba 20, shi kuwa can waje yake, kusan ba abin da ya same shi, kuma da ƙafarshi bai iya kama lamba 7 ba. Kamar a ce an yi ma Tanko ɓarna ga gona, a biya Jatau diyya. Faransa da Ingila dokarsu daban: ba a tsige na ɗaya sai in an tabbata wanda ya tare shi ne zai riga shi isa. Da can ne anka yi sukuwar, mai yiwuwa lamba 7 ya riƙe nasararshi, a hukunta mahayi kaɗai.

Amma alƙalan Kentaki da dokar Kentaki sunka yi aiki, kuma ba su yi zalunci ba. Dokar ta ce wanda ya ɓata ma wani gudu har ya rage mishi matsayi, a maishe shi bayan wannan. Gardamar ko ƙafa ta taɓa ƙafa ba ta canza komi: wanda ya ja linzami don kar ya faɗi, an riga an tare shi. Kuma in mahaya sunka ga ana gittawa a ci miliyar, baɗi wani zai gwada, da gangan.

Sati 2 bayan haka lamba 1 ya ci babbar sukuwa ta biyu, garin Baltimo. Lamba 20 tari ya kama shi, bai ƙara yin sukuwa ba har anka aje shi. Mai horon lamba 7 kuwa, Jason Sabis, cikin 2020 anka kama shi da laihin ba dawaki magungunan da doka ta hana, cikin 2023 anka yanke mishi kaso shekara 4.