Jami'a a ƙofar gida, kuɗin rajista ya gagara

Tun 2011 muke da jami'ar tarayya a Dutsin-Ma, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Amma jama'a, samari nawa ne daga Kurfi da ƙauyukanmu suke sauke ɗalibai a ƙofar FUDMA da acaɓa, su kuwa ba su taɓa shiga aji ba? Wallahi da yawansu suna da ƙwaƙwalwa. To uban da 'yan bindiga suka hana noma, ina zai samo kuɗin JAMB, balle na rajista? Bashin NELFUND ma sai wanda ya riga ya samu gurbi.

Akwai wata marainiya a unguwarmu, shekara biyu sakamakonta na NECO yana ajiye cikin akwati. Wani ɗan kasuwa ya ɗauki nauyinta har ta gama NCE, ba hoto, ba sanarwa. Yau malamar makaranta ce, ita ke riƙe da karatun ƙannenta biyu.

Roƙona ga masu hali da 'yan siyasarmu: in kun ɗauki yaro, ku kai shi har ƙarshe, kar a saya masa fom a watsar da shi a shekarar farko. A kuma duba cancanta, a bar zancen ɗan wane.

Masu yi, Allah Ya saka da alheri.