Sabulu Kusa Da Buta

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, amma ina roƙon ku daure ku kai ƙarshensa, musamman iyaye mata da masu gida.

Kowace shekara da damina ta zauna, labarin guda ne. Amai da gudawa ta ɓarke a ƙauye kaza, an kwantar da mutane har a barandar asibiti, ruwan ƙari ya ƙare. Mu yi ta'aziyya, mu ce Allah Ya kiyaye gaba, shi ke nan sai baɗi. A shekarar 2021 kaɗai, hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta lissafa mutum sama da 110,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu. Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne suka fi jin jiki, kuma a daminar shekarar cutar ta shiga yankunan Maraɗi da Damagaram. Mutanen da kwalara ta kashe a wannan shekara guda sun fi duk waɗanda hukuma ta lissafa cewa korona ta kashe a Najeriya tun shigowarta. Amma saboda korona aka rufe kasuwanni da makarantu, aka girke bokitin wanke hannu a ƙofar kowane banki. Ita kuwa kwalara, da yake gidan talaka take sauka, mun ɗauke ta kamar wani ɓangare na damina. Wannan sabo shi ne yake ci mini rai.

Mu ba ƙazamai ba ne. Mutumin da yake alwala sau biyar a yini, wanda ba ya shiga makewayi sai da buta, wanda aka koya masa tun yana ƙarami cewa hannun dama na ci ne, na hagu na tsarki, ba za a ce masa bai san tsafta ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, ruwa tsurarsa yana kawar da abin da ido ke gani, amma ƙwayar cuta tana maƙale cikin maiƙon fata da ƙarƙashin farce. Sabulu ne ke ɓamɓaro ta. Kuma hannun hagun da ya yi tsarki shi ne zai riƙe faifai, shi ne zai tallabi jariri, shi ne zai taya na dama damun fura.

Hanyar cutar gajera ce, kuma gara a faɗe ta ba kunya: daga kashi zuwa baki. Ko ta hannu, ko ta ƙafar ƙuda, ko ta ruwan sha, ko ta ƙasar da yaro ke rarrafe a kai. Kwalara, taifot, tsutsar ciki, shan inna da wasu nau'o'in ciwon hanta masu sa shawara duk wannan hanya suke bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 400,000 duk shekara a duniya. Waɗanda suka tsira kuma, idan zawon ya yi ta dawowa, abincin da suke ci ba ya zama a jiki, sai ka ga yaro ya tsumbure.

Ku zo mu leƙa cikin gidajenmu, wurare uku kawai.

Na farko, kwanon wanke hannu. An kawo tuwo a wurin suna ko biki, an ajiye roba guda da ruwa. Babba ya tsoma hannu, na biye da shi ya tsoma, haka har mutum goma. Kafin ta iso kan yara, ruwan ya yi fari-fari, wani abu na yawo a kansa. Yaron da ya fi kowa rauni shi ke wanke hannu da dauɗar kowa, sannan ya kai loma baki. Gyaran wannan ba ya cin ko sisi. A zuba wa mutum ruwa daga buta, ya cuɗa da sabulu, ruwan ya zuba cikin roba, a wuce kan na gaba.

Na biyu, kashin jariri. Da yawa daga cikin iyayenmu mata sun tashi da cewa kashin goyo ba ƙazanta ba ne, nono ne kawai. Sai a goge da gefen zani, a ɗauraye fo a tsakar gida kusa da wurin wanke-wanke, ko a watsa a kwata, a koma kan tukunya. Alhali kashin ƙaramin yaro cike yake da ƙwayoyin cuta, don shi ne ya fi kowa yawan zawo a gidan. Wurinsa masai, kamar na babba. Haka nan zancen "ai haƙori ne". Haƙori ba ya sa zawo. Lokacin fitar haƙori ne yaro ke rarrafe yana kai duk abin da ya samu baki. Yara nawa aka bari suka galabaita a gida, ana jiran haƙori ya fito?

Na uku, randa da moɗa. Ko ruwan daga famfo ya fito garai-garai, idan randar a buɗe take, moɗa tana yashe a ƙasa, kowane yaro ya dawo daga wasa ya zura hannu har wuyan hannu ya ɗebo, to ruwan ya tashi daga na sha. A rufe randa, a samu moɗa mai dogon mariƙi a rataye ta, a riƙa wanke randar kafin a ƙara sabon ruwa. In ruwan 'yan garuwa ne ko na rijiya, a lokacin annoba a tafasa shi ko a sa masa sinadarin kulorin.

Wani zai ce, yanzu ɗan sabulu ne zai tare duk wannan? An gwada an gani. A unguwannin talakawa na birnin Karachi a Pakistan, masu bincike sun raba wa gidaje sabulu, suna zagayawa duk mako suna tuna musu lokutan wanke hannu. Sakamakon da aka fitar a 2005 ya nuna gudawa a tsakanin yara ta ragu da kusan rabi, ciwon nimoniya na ƙananan yara ma haka. Abin da ya fi faranta mini rai a binciken, sabulu na gama-gari ya yi aiki daidai da mai tsadar da ake talla cewa yana kashe ƙwayoyin cuta. Ke nan guntun sabulun wanki ya isa, sabulun salo ya isa, garin omo da aka kaɗa a gora ya isa. Inda babu ko ɗaya, toka mai tsabta daga murhu ta fi ruwa tsura. Lokutan kuma sanannu ne: bayan fitowa daga makewayi, bayan wanke wa yaro kashi, kafin girki, kafin cin abinci, kafin shayarwa ko ba yaro abinci. A cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu, kamar daƙiƙa 20.

Na san akwai inda jarkar ruwa kuɗi ce, uwar gida tana lissafin kowane kofi. A irin waɗannan wurare ana rataye galan a jikin sanda, a huda masa ƙaramar ƙofa kusa da wuya, a ɗaura igiya zuwa wani itace a ƙasa. Ka taka da ƙafa, galan ya karkata, ruwa ya zubo siriri. Ɗan ruwa kaɗan ya wanke hannun gida guda, kuma babu wanda ya taɓa galan ɗin da hannu mai datti.

Sai dai zalunci ne a ɗora wa uwar gida laifin duka. Ƙididdigar gwamnati da UNICEF ta 2021 ta nuna kimanin mutum miliyan 48 a Najeriya suna bahaya a fili. Yawancinsu rashin wuri ne ya kai su. Almajirin da ke kwana a soron da babu masai, ina zai je da tsakar dare? Ɗan dako a kasuwa, fasinja a tasha, yarinya a makarantar firamare mai ɗalibai ɗaruruwa ba banɗaki ko guda mai aiki? Ruwan sama na farko sai ya kwashe abin da aka tara a kango da bakin lambatu ya zuba a rijiya. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan umarnin kawo ƙarshen bahaya a fili nan da 2025, amma tun kafin wa'adin ya cika kowa ya ga ba za a kai ba. Haƙƙinmu ne mu tambayi kansila da ciyaman: ina masai a kasuwa, ina famfo a makaranta, ina ruwa a ɗakin haihuwa?

Abin kuma mai yiwuwa ne, shaidar tana nan kusa da mu. A 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili, ƙananan hukumominta 27 gaba ɗaya. Jihar da ke cikin waɗanda kwalara ta fi yi wa ɓarna shekara guda kafin nan. Dabarar da aka bi ta samo asali ne daga Bangladesh: a tara mutanen gari, su zagaya da ƙafarsu su ga inda ake tsugunno, su bi sawun ƙuda daga can zuwa kan abincinsu, sannan su da kansu su yanke shawarar cewa kowane gida sai ya haƙa masai. Da dagatai da limamai da mata suka riƙe maganar, sai ta zauna. Aikin da ya rage musu shi ne riƙo, don masan ƙasa yana ruftawa da damina. Mai haƙa sabo kuma ya nisanta shi da rijiya kamar mita 30, ya yi masa murfi.

Malamanmu, kuna da babban rabo a nan. Duk wanda ya zauna gaban malami da Ahlari ko Ishmawi ya san babin tsarki ne ke zuwa kafin na salla, kuma addini ya hana biyan buƙata a kan hanya, da inuwar da mutane ke hutawa, da mashayar ruwa. Huɗuba guda a farkon damina za ta isa inda ma'aikacin lafiya bai taɓa takawa ba. Masu hali da ke gina masallatai, Allah Ya saka, amma ku tuna masai da rijiyar burtsatse a tsangaya ma sadaka ce mai gudana.

In kuma cutar ta riga ta shigo gida, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Rashin ruwa a jiki ke kisa, kuma kwalara tana iya kai mutum kushewa cikin sa'o'i kaɗan. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, na ƙunshi daga kemis, ko a haɗa lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ci gaba da ba jariri nono, a kama hanyar asibiti ana ba shi yana kurɓa. Idan aka samu kulawa da wuri, ko mutum ɗaya cikin ɗari ba ya mutuwa.

Roƙona gare ku ƙarami ne. Yau ɗin nan, maigida ya yanki guntun sabulu ya ajiye inda ake ajiye butar makewayi, ya gaya wa yara dalili. Uwar gida ta daina kawo robar tsoma hannu. Matasan unguwa ku je wurin mai unguwa ku ƙirga gidajen da ba su da masai, ku ga yadda za a yi gayya a taimaka wa marasa ƙarfi kafin ruwa ya sauka. Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda ba shi da waya. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.