Ina Rasit, Kawu?

Fili ne ya haɗa ni da lauya. Na saye shi a Jama'a, kusa da Samaru, da kuɗin sallamata daga aiki. Na fara tara bulo ke nan sai wani ya ɓullo da tasa takardar, shi ma da shaidunsa. Aka kai ni wajen wani Barista a Sabon Gari, ofis a saman bene, littattafai jere har rufi. Ina ganin littattafan nan na sallama. Na miƙa masa takardar cinikin, ta asali, ko kwafi ban yi ba.

Daga nan kuɗi suka fara tafiya: na shigar da ƙara, na kai sammaci, na mai duk ranar zama. Hannu da hannu, cikin ambulan. Sau da yawa bakina ya ɗauko maganar rasit, kunya ta mayar da ita. Ni da nake ƙirga canjin mai tumatir a gabansa, sai ga ni ina jin nauyin tambayar mai kwat inda dubbaina suka shiga.

Kullum amsar ɗaya ce: "An ɗage zama, Alhaji." Ranar da na gaji na je kotun da ƙafata, magatakarda ya buɗe fayil ya ce an kori ƙarar tun watannin baya, don ba mai zuwa daga ɓangarena.

To, sai na kai kuka teburin mai shayi. Na kai majalisarmu ta bayan isha'i. Allah ya isa kuwa na ja ta har muryata ta dushe, alhali Barista na can yana shan iskar fanka.

Ɗan ƙanwata da ke karatun lauya a Kongo ta nan Zariya ne ya zaunar da ni. Ya ce lauya ma yana da inda ake tuhumarsa: Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, LPDC, da ke ƙarƙashin dokar lauyoyi ta 1975. Bisa ƙa'idojinsa na 2020, ana iya miƙa koke ta hannun shugaban reshen ƙungiyar lauyoyi, NBA, kuma akwai reshe a nan Zariya, ko ta Babban Jojin jiha, ko Antoni Janar. Ana haɗawa da takardar rantsuwa da hujjoji. Kwamitin na iya jan kunne, ko dakatarwa, ko soke sunan mutum daga rajistar lauyoyi da ke Kotun Ƙoli, har ya sa a dawo da kuɗi da takardu. Fili kam ba zai ƙwato mini ba, wannan aikin kotu ne.

Na gyara zama, har na fara hango Barista yana ba ni haƙuri. Sai yaron ya ɗauko biro ya ce, "Ina rasit, Kawu?"

Na buɗe baki na rufe. Ya ce yarjejeniyar kuɗin aiki fa? Babu. Wa ya ga an bayar? Daga ni sai Allah. Yaron da na yi wa huɗuba ya sunkuyar da kai don kada ya ga fuskata, kuma wannan ladabin nasa ya fi zagi ciwo. A nan na gane cewa abin da na kira ganin girma tsoro ne kawai, tsoron kada mai ilimi ya ga ƙauyancina. Wanda ya taɓa fita daga ɗakin likita bai fahimci komai ba, yana ta "to, to", ya san wannan tsoron.

Muka tono wayata. Sau ɗaya na taɓa tura masa kuɗi ta banki, ranar da ya ce yana Kaduna. Da wannan saƙon, da kwafin umarnin korar ƙara da muka karɓo daga kotu, muka rubuta koke, na yi rantsuwa, muka miƙa. Ba a jima ba wani yaro ya kawo mini takardar cinikina a sabon ambulan, ba wasiƙa, ba gaisuwa. Kuɗin hannu da hannu kuwa ko a koken ba mu iya sa su ba. Yanzu wata lauya ce ke neman a maido da ƙarar, kuma ita ta fara miƙo mini rasit tun ban tambaya ba.