Darasin Da Ke Kwance A Unguwar Shagari Ta Yola

Baƙon da ya sauka a Jimeta, ko ta jirgin sama ko ta mota, in ya ce wa mai Keke Napep ya kai shi Shagari, ba za a tambaye shi wace Shagari ba. Za a ɗauke shi a bar hayaniyar kasuwar Jimeta a baya, a miƙa hanyar cikin Yola, watau garin da Modibbo Adama ya kafa cikin 1841, inda fadar Lamiɗo take har wa yau. A gefen wannan tsohon gari ne unguwar Shagari Low Cost take, cikin Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu.

Sunan unguwar kaɗai ya isa ya faɗi shekarunta. Sa'ad da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki cikin 1979, gwamnatinsa ta ƙudura gina gidaje 2,000 kowace shekara a kowace jiha, domin ma'aikata da masu ƙaramin ƙarfi. A lokacin Yola ce hedkwatar Jihar Gongola, don kuwa sai cikin 1991 aka sami Jihar Adamawa. Yau wanda ya zaga unguwar sai ya lura da kyau kafin ya gane ainihin ginin farko. Wani ya ƙara ɗaki, wani ya ta da katanga, wani ya fasa shago a ƙofar gida, sababbin gidaje kuma sun cika filayen da dā suke fayau. A bakin titi kuwa Fulatanci da Hausa da Turanci suna cuɗanya, ga masu cajin waya, ga masu sayar da kati.

To, akwai wani abin da ya zo zamani ɗaya da waɗannan gidaje, shi ne ƙaramar sakandare. Cikin 1982 aka fara aiki da tsarin ilmi na 6-3-3-4, wanda ya raba sakandare gida biyu, da nufin yaro ya yi shekara uku na farko yana koyon aikin hannu tare da karatu. Aka sayo injunan sassaƙa da na ƙira daga ƙasashen Turai aka rarraba wa makarantu. Amma a wurare da yawa na ƙasar nan injunan sun tsufa cikin akwatunansu, saboda babu wutar lantarki, babu ɗakin da za a kafa su, babu kuma isassun malaman da suka san kansu. Yara suka riƙa zana zarto a allo, alhali zarto na kulle a sito.

Dalilin tuna wannan tsohon labari shi ne, kwamfuta ta zo ta tsaya daidai inda injunan nan suka tsaya. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, cikin 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar sabuwar manhaja wadda ta sa fasahar zamani cikin darussan ƙaramar sakandare. Saboda haka yaron da ke aji ɗaya a Shagari ba shi da makawa sai ya haɗu da na'ura. Abin tambaya kawai shi ne, zai haɗu da ita tana yi masa aiki, ko kuwa zai haddace sunayen sassanta ne daga allo?

Ba sai an je nesa neman amsa ba, gama an gwada abin a cikin Yola. Jami'ar Amurka ta Nijeriya, wadda Alhaji Atiku Abubakar ya kafa, ta riƙa tura ɗalibanta makarantun firamare su koya wa yara karatu da lissafi, a ƙarƙashin wani shiri mai suna STELLAR. Bayan garin Mubi ya faɗa hannun 'yan Boko Haram cikin 2014, 'yan gudun hijira suka cika Yola da Jimeta maƙil, sai jami'ar ta fito da shirin TELA cikin 2015 da 2016, da taimakon kuɗi daga Amurka. Aka haɗa darussan rediyo da ƙananan kwamfutocin hannu, aka kai karatu ga yara kimanin 22,000. Abin lura a nan shi ne, yara ba su zauna kowa da na'urarsa shi kaɗai ba. Sukan taru ne wuri ɗaya, da babba a kansu, da aikin da aka yanka musu na ranar. Na'ura kaɗan ta wadatar da yara da yawa domin an san abin da ake nema da ita.

Unguwar Shagari kuwa tana da aikin da ke jiran 'ya'yanta. Masu tarihi sun ce sunan Yola ya fito ne daga kalmar Fulatanci yolde, watau tudu, amma gari ya bunƙasa ya gangaro daga tudun zuwa cikin kwari da hanyoyin ruwa. Ran 27 ga Yuli, 2025, aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ambaliya ta afka wa Shagari Low Cost da Yolde Pate da Sabon Pegi da waɗansu unguwanni na kusa, mutum fiye da 20 suka riga mu gidan gaskiya, gidaje masu yawa suka lalace. Yaran da suka ga wannan da idonsu ba su bukatar a lallashe su kafin su yarda ruwa abin nazari ne.

Ga yadda malami mai himma zai iya juya wannan ya zama darasi. Sai ya raba aji ƙungiya-ƙungiya, yara shida-shida, maza da mata, kowace ƙungiya ta zaɓi shugabanta da magatakarda, a ba ta waya guda ɗaya. Ƙungiya ta farko ta yanka gorar roba mai miƙaƙƙen jiki ta manna mata ma'auni, ta riƙa auna ruwan sama kowace safiya tana shigar da adadin cikin jadawalin kwamfuta. Nan lissafi zai yi rai, domin milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Ke nan rufin gida mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50, zai zubo da lita 5,000, watau jarka 200 mai cin lita 25. Yaron da ya lissafa wannan da kansa, ya kuma ƙidaya rufin kwanon da ke layinsu, ya fahimci inda ambaliya take fitowa.

Ƙungiya ta biyu ta bi lunguna da rani, sa'ad da magudanai suka bushe, ta ɗauki hoton kowane kwalbati da shara ta toshe, ta sa masa alama a taswirar da ke cikin waya. Ta uku ta nemi iznin dattawan da suka tare a unguwar tun farkonta, ta naɗi muryarsu suna faɗin inda ruwa yake bi a dā kafin a yi gini, sa'an nan ta rubuta bayanin da Hausa da Turanci. A ƙarshen zango yaran da kansu su tsaya gaban iyaye da mai unguwa su bayyana abin da suka gano. Malami a nan jagora ne mai gyara da tsawatarwa, amma tambaya da bincike da bayani na yara ne.

Lalle akwai wahala, ba kuwa ƙarama ba. Wuta takan yanke, kuɗin shiga intanet yana da tsada, aji yana cike, iyaye kuma suna da hujja in sun ji tsoron abin da waya kan jawo wa yaro. Maganin wannan shi ne waya ta kwana hannun malami, a yi mata caji da ƙaramin faifan hasken rana, kada kuma a tura yaro kusa da ruwa mai gudu ko da wasa. Awo da hoto da naɗar murya duk ba su bukatar intanet. Abin da ya fi kome muhimmanci shi ne a horar da malamin tukuna kafin a sayo kaya, don kada a maimaita kuskuren 1982.

Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. In makarantun Shagari suka ajiye awon damina biyar a jere, tare da taswirar magudanansu, za su riƙe hujjar da za a iya ɗauka a kai gaban ƙaramar hukuma, yaran kuma sun koyi kwamfuta ta hanyar da ba za su manta ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuma kiyaye na gaba, amin.