Misau: Inda Wani Saurayi Ke Koya Wa 'Yar Na'ura Magana Ta Waya

Wanda ya taso daga Bauchi ya nufi Misau, sai ya bi hanyar Maiduguri, ya wuce Darazo, in ya kai Kari ya saki babban titi ya yi hagu. Kafin nan duwatsun ƙasar Bauchi sun ƙare, sai fili shimfiɗe iyakar ganin ido, ga gonakin gero da dawa da gyaɗa, ga kuka da tsamiya jefi-jefi. Kogin da ake kira da sunan garin, wanda Barebari ke ce wa Komadugu Gana, shi ne ke ratsa ƙasar ya yi arewa maso gabas, har ya sadu da Kogin Yobe su nufi Tafkin Chadi. Da rani sai ka raina shi, amma da damina masu gonakin bakinsa ba su barci da ido biyu rufe.

Garin ba na jiya ba ne. Asalin gidan sarautarsa daga Gwani Mukhtar ne, malamin nan Bafillace wanda ya ci Birnin Gazargamu, babban birnin Barno, a cikin 1808, ko da yake bai daɗe a ciki ba aka ƙwace birnin, shi kuma ya rasu a yaƙin. A 1827 Sarkin Bauchi Yakubu da Sarkin Katagum Ɗankauwa suka ci Misau. Da yake gari ɗaya ba ya zaman sarki biyu, sai Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, a 1831 ya ba Mamman Manga, ɗan Gwani Mukhtar. Sarkin da ya hau gadon a 2015, Alhaji Ahmed Suleiman, ya gaji Muhammadu Manga na Uku. Saboda wannan tarihi ne Misau ta zauna tsakanin manyan maƙwabta biyu, Bauchi a kudu, Katagum a arewa, amma ba ta taɓa yarda a ɗauke ta ƙauyen kowa ba.

Yau garin na 'yan makaranta ne. Akwai kwalejin koyon shari'a da addinin Musulunci mai ɗauke da sunan A. D. Rufa'i, sa'an nan jami'ar jiha da ke Gadau, wadda aka sake wa suna Jami'ar Sa'adu Zungur, a Misau ta ajiye sashenta na koyon aikin lauya. Azare kuwa, wadda ta zama mazaunin Sarkin Katagum tun 1916, tana nan kusa, tafiyar da ba ta kai a yi guzuri ba. Can ne ake da Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021. Duk yaron da ke son shiga ɗayan waɗannan wurare sai ya bi ta ƙofa guda, watau jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ba a rubuta ta da alƙalami, sai a gaban kwamfuta.

To, jama'a, a nan maganarmu ta samo tushe. Ɗakin da ake irin wannan jarrabawa cike yake da kwamfutoci, kuma kowace ɗaya tana da wutsiyar waya wadda ta bi ta bango ko ta ƙarƙashin tebur har zuwa wani akwati mai ramuka da fitilu suna ƙifce-ƙifce. Wannan hanyar haɗa na'urori da waya ita Turawa suka raɗa wa suna Ethernet, mu kuwa bakinmu ya fi saurin cewa Isanet. Ba intanet ba ce, ko da yake 'yan'uwa ne. Intanet ita ce babbar hanyar da ta haɗa garuruwa, Isanet kuwa lungunan cikin gida ne. Wani Ba'amurke, Robert Metcalfe, shi ya fara tsara ta a 1973 a ɗakin binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto, tare da abokin aikinsa David Boggs, aka kuma tsayar mata da ƙa'ida ta duniya a 1983. A farkon lamarinta dukan na'urori waya ɗaya suke rabawa, saboda haka dokarta irin ta zaman fada ce: ka saurara tukuna, in ba mai magana ka yi taka, in kuma bakinku ya haɗu da na wani, kowa ya yi shiru na ɗan lokaci kafin ya sake.

A wata rumfar gyaran wayar hannu da ke kusa da tasha na tarar da saurayin da ya sa na rubuta wannan. Bai fi shekara 20 ba. Ya taɓa yin aikin ja da ɗaure waya a wani ɗakin jarrabawa, inda ya ga abin da ya tsaya masa a rai: ana tsakiyar gwaji wutar gari ta ɗauke, baturan da aka dogara da su ashe sun riga sun yi sanyi, ɗaki ya yi duhu, yaran da suka kwana a hanya daga ƙauyuka suka yi zuru-zuru. Babu wanda ya san baturan sun gaji, domin suna kulle a wani ɗaki can baya. Sai ya ƙudura zai haɗa 'yar na'ura wadda za ta zauna tare da baturan, tana auna ƙarfinsu da zafin ɗakin, tana aika labari ta wayar Isanet zuwa kwamfutar mai kula da zaure.

Abin da yake aiki da shi wani ɗan allo ne mai suna Arduino Uno, wanda bai kai tafin hannu ba. A garin Ibreya na ƙasar Italiya aka ƙirƙiro irinsa a 2005 domin 'yan koyo. A tsakiyarsa akwai wata 'yar baƙar ƙwaƙwalwar lantarki, ATmega328P, irin wadda ke cikin injin wanki da mitar wuta, wadda ake rubuta wa umarni ta bi. Aunawa ba ta ba shi wuya ba. Ƙafar allon da ke auna wuta ba ta ɗaukar fiye da bolt 5, batir kuwa 12 ne, don haka ya sa 'yan ƙananan masu rage wuta guda biyu suka raba ƙarfin, allon ya riƙa ba shi lamba tsakanin 0 da 1023, shi kuma ya mayar da ita bolt da lissafi. Batir mai ruwa in ya cika ya huta yakan nuna wajen 12.6, in ya sauko 12 to rabinsa ya tafi. Wannan ya gama shi cikin mako guda.

Magana ita ce aiki. Allon kurma ne kuma bebe, ba shi da ramin da za a soka wayar Isanet, sai an saya masa baki. Ya aika Kano, wani direba ya zo masa da mafi araha, wanda ake kira ENC28J60, na kamfanin Microchip. Wayoyi huɗu ne ke ɗaukar zance tsakanin allon da wannan baki, a ƙafafu na 10 da 11 da 12 da 13, ban da na wuta. Ya haɗa daidai, fitila ta kama, amma da an fara aika saƙo sai abin ya suma. Kwana da kwanaki yana zargin dalmarsa. Maigidansa, wanda ya shekara yana gyaran rediyo kafin wayar hannu ta zo, shi ya dubi abin ya ce, "Kai yaro, wannan ba ciwo ne da shi ba, yunwa yake ji." Haka kuwa aka yi. ENC28J60 yakan ja wajen miliamfa 180 sa'ad da yake aikawa, ƙafar bolt 3.3 ta allon kuwa 50 aka rubuta mata. Da aka ba shi abincinsa daban sai ya farfaɗo.

Amma fa wata sabuwa ta taso, kuma ita ce a ganina ta fi dacewa duk ɗan koyo ya sani tun kafin ya kashe kuɗinsa. Wannan baki mai araha ɗan aike ne kawai, ba ya san ladabin zance. Duk ƙa'idojin gaisuwa da tambaya da amsa da tabbatar da isar saƙo, 'yar ƙwaƙwalwar allon ce za ta ɗauka a kanta. Ita kuwa wurin ajiyar tunaninta bayit 2,048 ne kacal, alhali ƙunshin saƙo guda na Isanet yana iya kai bayit 1,500. Ka ga an sa raƙumi a ɗakin amarya. Da ya ƙara 'yan layuka a shafin da yake so ya nuna, sai allon ya rikice ya riƙa farawa daga farko. Daga baya ya tara kuɗi ya sayi W5500, na kamfanin WIZnet na Koriya ta Kudu. Shi wannan da nasa tunanin ya zo, bayit dubu 32, yana iya buɗe ƙofa 8 a lokaci guda, kuma dukan ladabin zancen an gina shi a cikinsa. Arha dai ba ta ado.

Na tambaye shi abin da ya fi ɗaure masa kai. Ya ce, "Wallahi Baba, sunaye ne." Kowace na'ura a kan waya tana da suna biyu. Na farko sunan yanka ne, lambobi kashi 6 waɗanda bai kamata wata na'ura ta yi tarayya da ita a ciki ba. Na biyu adireshin unguwa ne, lambobi kashi 4, kamar 192.168.1.50. Kashi ukun farko a irin wannan ƙaramin gida su ne unguwar, na ƙarshe shi ne lambar ƙofa. Ya ba allonsa adireshi a unguwa ta 1, kwamfutar maigidansa kuwa tana unguwa ta 0, ga su a tebur ɗaya amma ba mai jin wani. Akwai hanyar da rawuta ke raba adireshi da kanta, sai dai gobe tana iya ba ka wani daban, mai gadi kuwa ya kamata a san inda yake kullum, don haka ya zaɓi tsayayye. Sunan yankan ma ya ba shi kunya. Yawancin ƙananan allunan nan ba su zuwa da nasu, sai ɗan koyo ya kwafi wanda ke cikin misalin darasi. Ran da abokinsa ya kawo nasa allon suka soka a akwati ɗaya, duka biyun suka rikice, domin suna ɗaya suke amsawa, kamar a kira Muhammadu a kasuwar Azare.

Wajen ɗaure kan waya kuwa babu mai koya masa. A cikin kebul akwai silli 8, an murɗe su bibbiyu, kuma murɗin nan shi ke kashe hayaniyar lantarki da ke shiga daga waje. Na ga ya fere, ya jera, fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa, ya tura a kai ya matse da filaya, ko dubawa bai yi sau biyu ba. Huɗu daga cikinsu ne ke aiki a irin saurin da allonsa ke yi, na 1 da 2 da 3 da 6. Iyakar tsawon da ƙa'ida ta yarda mita 100 ne. Ya kuma nuna mini yadda ake gane kebul na ha'inci: in ka kankare sillin ka ga fari a ciki, to alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, yana karyewa da wuri, kuma ba ya kai nisan da aka ce.

Mai karatu zai ce, ina amfanin wannan wahala a zamanin da kowa ke aika saƙo ta iska? Akwai ma alluna masu araha da suka zo da hanyar iska a jikinsu. Amsar tana cikin ginin kansa. Ɗakin batir yakan kasance mai kaurin bango da ƙofar ƙarfe, kusa da inbata mai hayaniya, zauren jarrabawa kuwa dama da waya aka ɗaure shi. Waya ba ta neman kalmar sirri, ba ruwanta da kati ko kuɗin data. Abokan gabanta sanannu ne: ɓera, da rana mai busar da roba, da ƙurar hunturu da ke cika ramuka, da kuma tsawa. A bayan kowane ramin Isanet akwai 'yar taransifoma da ke raba na'ura da waya har zuwa bolt 1,500, amma aradun watan Agusta ba ta san wannan lissafi ba. Shi ya sa wayar da za ta ratsa fili tsakanin gini biyu gara a binne ta cikin bututu.

Abin da na ga ya rasa ba basira ba ce, littafi ne. Takardun da ke bayanin waɗannan na'urori duk da Turanci suke, Turancin ma na injiniyoyi, sai ya riƙa karantawa a fuskar wayarsa yana fassara wa kansa a bayan wani tsohon littafin lissafi. Kowane ɗan ƙarfe da ya ƙone kuwa, sai an jira mota daga Kano ko Legas. Ina ganin kwalejojin Misau da Azare, da suke da ɗakunan kwamfuta da kan zauna a kulle lokacin hutu, ba za su yi asarar kome ba in sun buɗe wa irin waɗannan yara ƙofa ko da yini guda a mako.

Da la'asar ya gwada mini. Ya soka waya, koriyar fitila ta kama, ya buga adireshin a kwamfutar maigidansa, sai ga layi biyu a farin shafi: ƙarfin batir 12.4, zafin ɗaki 38. Ya kunna fanka da dutsen guga a kan inbatar rumfar, muka ga lambar tana sauka. Saura aiki guda bai warware ba. Allon da akwatin raba waya duk daga batirin da suke gadi suke shan wuta, in ya mutu tare za su mutu, ba wanda zai kai labari. Ya ce yana neman ƙaramin batirin babur da zai ware musu, kuma yana so ya gama kafin a fara rajistar jarrabawa mai zuwa, domin mai wani zaure a Azare ya ce ya kawo a gwada.